Zauren ƙara wa juna sani na malaman jami'a

Zauren ƙara wa juna sani ƙaramar ƙungiya ce ta malaman jami'a, galibi mutum 8 zuwa 12 daga fannoni dabam-dabam, waɗanda ke haɗuwa a kai a kai tsawon shekarar karatu don gyara yadda suke koyarwa. Ba mai tilasta wa kowa shiga, kuma ba a ba malami maki a cikinsa.

Tsarin ya samo asali ne a Jami'ar Miami da ke jihar Ohio ta Amurka a 1979, inda Milton Cox, malamin lissafi, ya daɗe yana jagorantarsa. An saba raba shi gida biyu: zauren da ke haɗa tsara, kamar sababbin malamai, da wanda ke haɗa mutane a kan matsala guda, kamar shirya jarrabawa ko koyar da aji mai cunkoso.

Dalilin kafa shi a bayyane yake. Digirin dakta shaida ce cewa mutum ya san fanninsa, amma sani daban, iya sanar da wani daban. Malami kan shiga aji ya koyar yadda aka koya masa, ya rufe ƙofa, abokan aikinsa ba su taɓa ganin darasinsa ba. A zaure kuwa, sai ya zo da takardun ɗalibai da ya gyara, a baza su bisa tebur. Malamin tarihi ya duba na malamin kimiyya, ya lura cewa yawancin ɗalibai wuri ɗaya suka yi tuntuɓe, kuma laifin na yadda aka rubuta tambayar ne. A gwada wata dabara a aji, a dawo da sakamako a zama na gaba.

A Damagaram wannan ba baƙon abu ba ne. Malaman zaure sun daɗe suna bitar karatu a tsakaninsu, malaman firamare na Nijar kuma suna da taron gyara koyarwa da ake kira CAPED, inda ɗaya ke ba da darasi saura su yi masa gyara. Jami'ar Zinder (wato Damagaram), wadda aka kafa a 2010, yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, tana bin tsarin LMD (digirin farko, na biyu da na dakta), wanda ya raba shekara zango biyu, ya kuma ɗora wa ɗalibi aikin kansa mai yawa. Ga kuma batun harshe, wanda shi ya fi cancantar a zauna a kansa: ana karantarwa da Faransanci, ɗalibi kuwa da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ya tashi. Sau da yawa ya gane abin sarai, kalmar rubutawa ce ta gagare shi. Malami shi kaɗai da wuya ya bambance wannan da rashin ganewa.

Babban cikas shi ne lokaci. Ƙarin girman malami a CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, da aka kafa a 1968 mai hedikwata a Wagadugu, ya fi dogara ga binciken da ya wallafa, don haka awannin zaure sukan zama sadaukarwa. Sai kuma amana: muddin malami ya ji cewa abin da ya faɗa zai kai kunnen shugaban sashe, ba zai sake kawo darasin da ya ba shi wuya ba.