Gustav Holst

Gustav Holst (1874–1934) Baturen Ingila ne, mai tsara kiɗan gargajiyar Turai kuma malamin kiɗa. Duniya ta fi saninsa da The Planets, dogon kiɗa mai kashi bakwai a kan taurari, amma abin da ya ci da shi kusan shekara talatin shi ne koyarwa a makarantar 'yan mata da ajin manya na yamma.

An haife shi ranar 21 ga Satumba, 1874, a garin Cheltenham. Kiɗa gadon gidansu ne. Kakan mahaifinsa, Matthias, makaɗi ne haifaffen Riga, a ƙasar Latvia ta yau, da ya yi ƙaura zuwa Ingila, mahaifinsa Adolph kuma shi ke kaɗa ogan, babban abin kiɗan coci, a Cheltenham. Mahaifiyarsa ta rasu a 1882. Yaron ya tashi ba lafiya: ga asma, ga raunin gani, ga ciwon jijiya a hannun dama wanda ya raba shi da burinsa na zama gwanin fiyano. Sai ya koma busa turombon, wani dogon ƙaho na tagulla.

A 1893 ya shiga Royal College of Music a Landan, inda ya koyi tsara kiɗa a hannun Charles Villiers Stanford. A can ya haɗu da Ralph Vaughan Williams, ɗalibi mai tsara kiɗa kamarsa, a 1895, suka ƙulla abota har mutuwa. Kowanne kan kawo sabon aikinsa ɗayan ya tsefe shi ba sani ba sabo. A zamanin ne kuma yake jagorantar ƙungiyar mawaƙa ta 'yan gurguzu a unguwar Hammersmith, inda ya ga Isobel Harrison. Sun yi aure a 1901, suka haifi 'ya ɗaya, Imogen, a 1907, wadda ita ma ta zama makaɗiya.

Bayan 'yan shekaru yana busa a Carl Rosa Opera, kamfanin opera (wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa), da ƙungiyar makaɗa ta Sikotilan, ya ajiye ƙaho ya kama alli. A 1905 aka naɗa shi shugaban sashen kiɗa na St Paul's Girls' School, bai bar kujerar ba sai da rai ya yi halinsa. Daga 1907 zuwa 1924 kuma yana koyarwa a Morley College, makarantar ma'aikata masu zuwa karatu bayan an tashi aiki.

Koyarwarsa ta saɓa wa ta zamaninsa. Ba ya cika ɗalibi da haddar ƙa'idoji. Da ka shigo zai sa ka rera, ka kaɗa, ka gwada tsara naka, ko da bai yi daɗi ba. A lokacin ana ɗaukar kiɗan 'yan mata abin ado kawai, shi kuwa ya ba su manyan ayyuka na gaske. Ɗalibansa na Morley, waɗanda ba ƙwararru ba ne, su suka kwafe The Fairy Queen, aikin tsohon mai tsara kiɗa na Ingila Henry Purcell, da hannu suka gabatar da shi a 1911, bayan ya yi sama da shekara ɗari biyu ba a ji shi cikakke ba. Da St Paul's ta buɗe sabon ginin kiɗa a 1913, aka ware masa ɗakin da ƙara ba ta shiga. A nan yake rubutu ranakun Lahadi da lokacin hutu, kuma St Paul's Suite tukuici ne ga ɗalibansa. Ana iya cewa ajin ne ya gyara masa hannu: mai rubuta wa yara da 'yan koyo dole ya zubar da duk abin da ba ya da amfani, kuma wannan tsumulmular sauti ta bi shi har cikin manyan ayyukansa.

Mutum ne mai leƙe-leƙe. Ya koyi Sanskirit, tsohon harshen Indiya, don ya fassara waƙoƙin Rig Veda, littafin addinin Hindu, da kansa, ya kuma tsara gajeriyar opera Savitri daga wani labari na Mahabharata, doguwar tsohuwar waƙar Indiya. Tafiyarsa Aljeriya a 1908 ta haifar da kiɗansa Beni Mora.

Ilimin taurari irin na masu duba, ba na kimiyya ba, shi ya kai shi ga The Planets, wanda ya fara a 1914. Shi ya sa babu duniyarmu a ciki. Kashi na farko, Mars, amon yaƙi ne mai bugu biyar-biyar da ke hana mai sauraro sakat. Na ƙarshe, Neptune, yana ƙarewa da muryoyin mata daga wani ɗaki, ana rufe ƙofa a hankali har su ɓace. Madugun makaɗa Adrian Boult ya jagoranci jin farko a zauren Queen's Hall na Landan ranar 29 ga Satumba, 1918, kafin Holst ya tafi Salonika ta ƙasar Girka koya wa sojoji kiɗa a ƙarƙashin YMCA, ƙungiyar matasa Kirista. A shekarar ce ya cire "von" daga sunansa, wanda a da yake Gustav von Holst, saboda kamarsa da sunan Jamusawa, waɗanda Ingila ke yaƙi da su a lokacin.

Suna bai yi masa daɗi ba. Ya guje wa 'yan jarida, kuma yana ganin The Planets ya danne sauran ayyukansa. Shi a wurinsa Egdon Heath na 1927, wanda ya yi don girmama marubuci Thomas Hardy, ya fi komai, alhali jama'a sun ji shi da sanyi da bushewa. A 1932 ya je Jami'ar Harvard a Amurka koyarwa, gyambon ciki ya kwantar da shi. Ya rasu a Landan ranar 25 ga Mayu, 1934, bayan tiyata, yana da shekara 59. An binne tokarsa a babbar cocin Chichester.