Kwantena ta ƙi dawowa daga sinafshot: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Ba a yin mako guda wani bai zo mini da wannan magana ba: ya sabunta manhaja a cikin kwantenarsa, abu ya lalace, ya koma ga sinafshot ɗin da ya ɗauka, sinafshot ya ƙi dawowa. Daga nan sai hankali ya tashi, a shiga buga umarni barkatai, ɓarnar da ba ta kai ta kawo ba ta zama babba. Na tara amsoshin wuri guda ne don in huta. Kwantenar da nake nufi ita ce mai ɗauke da cikakken tsarin Linux, irin ta LXC, LXD, Incus da Proxmox, ba ta Docker mai gudanar da manhaja guda ba.

Yanzun nan abin ya faru. Me zan fara yi?

Ɗauke hannunka. Kada ka goge komai, kada kuma ka ɗauki sabon sinafshot tukuna, za ka ga dalili a ƙasa. Kwafe saƙon kuskuren gaba ɗayansa, sannan ka duba irin ma'ajiyar da kwantenar take kai: `lxc storage list` a LXD, `pvesm status` a Proxmox. Duk wanda ya ce mini "ya ƙi yi" kawai, bai faɗi irin ma'ajiyar ba, ko ZFS ce ko Btrfs ko LVM, bai ba ni abin da zan taimake shi da shi ba.

Mene ne sinafshot ɗin ma?

Hoton yadda faifan kwantenar yake a daidai lokacin da ka ɗauka, haɗe da saitinta. Shi ke nan.

Ke nan ina da ajiyar ko-ta-kwana?

Ba ka da ita. Sinafshot da kwantena a faifai ɗaya suke zaune. Faifan ya mutu, sun tafi tare. Ka goge kwantena, sinafshot ɗinta sun bi ta. Ajiya ita ce abin da ka fitar da `lxc export`, ko `vzdump`, ko `zfs send`, ka kai wata na'ura dabam. Na faɗi wannan har bakina ya gaji.

Ina da sinafshot huɗu. Na biyu nake so, amma an ce ba zai yiwu ba saboda akwai waɗanda suka biyo bayansa. Yaya zan yi?

To, wannan ce tambayar gaske, kuma amsarta ba guda ɗaya ba ce, sai ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka taɓa komai.

Kusan tabbas ZFS kake amfani da shi. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka gina shi: yana iya komawa ne kawai ga sinafshot na ƙarshe. In kana son wanda ya girme shi, dole duk na tsakani su tafi, kuma in sun tafi ba su dawowa. Shi ya sa na hana ka ɗaukar sabo ɗazu. Mutum yana da sinafshot ɗin jiya lafiya lau, sai ya ce bari ya ɗauki na yau don kariya, da hannunsa ya tare wa kansa hanya. Btrfs ba ya da wannan ƙa'ida, amma wannan ba zai amfane ka ba yanzu, tunda a ZFS kake.

Hanya ta farko, wadda nake fara ba kowa: kada ka dawo da komai, ka fitar da sabuwar kwantena daga tsohon sinafshot ɗin. A LXD, `lxc copy c1/snap1 c1-gwaji`, inda `c1` sunan kwantenar ne, `snap1` kuma sunan sinafshot ɗin. A Incus kalmar farko kawai za ka sauya. Ka tashe ta, ka shiga, ka duba da idonka ko abin da kake nema yana ciki. Sau da yawa ba ya ciki, domin mutane suna mantawa da ranar da matsalar ta soma. In yana ciki, ka zaɓa: ko ka ci gaba da sabuwar, ko ka kwaso fayilolin da kake buƙata ka mayar wa tsohuwar. Sai dai akwai sharaɗi. A ZFS wannan kwafin yawanci ba cikakke ba ne, reshe ne da ya rataya a jikin sinafshot ɗin da ya fito. Muddin reshen yana nan, ba za ka iya mayar da uwar, wato kwantenar ta asali, zuwa wani lokaci da ya gabaci wannan sinafshot ba, kuma ko ka goge uwar, wurin da ta ci ba zai sake ba sai reshen ya tafi. In kana son kwafi mai zaman kansa, saita `zfs.clone_copy` zuwa `false` a ma'ajiyar kafin ka kwafa, ka kuma tabbata akwai wuri, don zai ci faifai daidai girman kwantenar.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi in fayil ɗaya ko biyu kake so. Kowace ma'ajiyar fayiloli ta ZFS tana da ɓoyayyen kundi mai suna `.zfs/snapshot`. A Proxmox, kwantena mai lamba 101 za ka same ta a wuri irin `/rpool/data/subvol-101-disk-0/.zfs/snapshot/`, in ba ka sauya sunan ma'ajiyar ba. Karantawa kawai ake yi a wurin, ba abin da za ka ɓata. Kwafi abinka ka fita, amma ka duba mamallakin fayil bayan ka ajiye shi.

Hanya ta uku ita ce wadda kowa yake gaggawar bi: a LXD a kunna `zfs.remove_snapshots`, ko a buga `zfs rollback -r` kai tsaye. Tana aiki. Tana kuma share duk sinafshot ɗin da suka biyo baya ba tare da ta sake tambayarka ba. Na taɓa zama kusa da wani abokin aiki da ya yi haka da daddare. Umarnin ya wuce cikin daƙiƙa biyu, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya buga `zfs list -t snapshot` ya ga layi uku sun ɓace, ciki har da na safiyar ranar, wanda shi kaɗai ke ɗauke da aikin mako guda. Ya daɗe yana kallon allon bai ce uffan ba. Ban ce kada ka bi wannan hanya ba. Ka fara fitar da ajiya zuwa wani wuri, ka tabbata tana buɗewa, sannan ka bi. Kuma in da hali ka bar LXD ko Proxmox su yi aikin da kansu. Buga umarnin ZFS ta bayan fage yana barin rajistarsu tana lissafa sinafshot ɗin da babu su.

Wacce za ka ɗauka? Ya danganta da wurin da ya rage maka, da tsawon lokacin da za ka iya barin aikin a tsaye. In kana shakka, ta farko.

Ya dawo, amma bayanaina ba su koma yadda suke ba.

Domin ba a cikin kwantenar suke ba. Kundin da ka jona daga uwar na'ura, wato na'urar da kwantenar ke gudana a kanta, ko ƙarin ma'ajiya da ka maƙala a LXD, ba sa shiga sinafshot ɗin kwantena. A LXD akwai `lxc storage volume snapshot` don wannan. Ba ka ɗauka ba, babu.

Fayiloli duk sun koma na `nobody`. Sun lalace ne?

Kwantar da hankalinka, ba su lalace ba. Kwantena marar cikakken iko tana ganin lambobin masu amfani a karkace: `root` na ciki, a Proxmox lamba 100000 ce a waje. In taswirar lambobin ta sauya, ko ka kai kwantenar wata na'ura mai taswira dabam, duk fayil ɗin da lambarsa ta faɗa wajen taswirar sai ya bayyana da 65534. Duba `/etc/subuid` da saitin kwantenar ka daidaita su. Don Allah kada ka buga `chown -R` a kan tushen faifai. Wannan shi ne lalatawa ta gaske.

Na sa `--stateful` don in adana har abin da ke gudana, ya ƙi.

Zai ƙi. Wata manhaja mai suna CRIU ce ke wannan aiki, kuma kwantena mai systemd da manhajoji da yawa takan fi ƙarfinsa. Ɗauki sinafshot na faifai kawai, kwantena ta tashi sabuwa.

Kwafin da na fitar ya ƙwace adireshin IP na ta asali.

Tagwaye ka yi. `/etc/machine-id` ɗinsu ɗaya ne, kuma systemd-networkd daga shi yake samo shaidar da yake nuna wa DHCP, mai raba adireshin IP. Wofintar da fayil ɗin a cikin kwafin ka sake tashinsa. Makullan SSH ma iri ɗaya ne, ka sabunta su. In adireshin da hannu aka rubuta shi, gyara shi kafin ka tashi kwafin, ba bayan ya kayar da na asali ba.

Tsohon sinafshot ya dawo lafiya, kwantena ta ƙi tashi.

Me ya sauya a uwar na'ura tun lokacin? Kwantena ba ta da kanel nata, na uwar take ara, kuma sinafshot ba ya mayar da uwar baya. Misali sananne: Proxmox VE 7 da ya fito a 2021 ya koma cgroup v2 zalla, kuma CentOS 7 mai systemd 219 ba ya tashi daidai a kansa. Karanta rahoto kafin ka yi zato: `lxc info --show-log c1`, ko `pct start 101 --debug`.

Proxmox ya ce kwantena a kulle take.

Wani aiki ne ya katse a tsakiya. Tabbatar babu abin da ke gudana, sannan `pct unlock 101`. Tabbatarwar ce farko.

Rumbun bayanai fa?

Sinafshot ɗin kwantena mai gudana daidai yake da a zare wa na'ura wuta. PostgreSQL da InnoDB na MySQL sukan farfaɗo daga irin wannan, in dai bayanan da kundin tarihinsu suna faifai ɗaya. In a rabe suke, ban ba ka tabbaci ba. Riƙa fitar da `pg_dump` ko `mysqldump` a gefe.

Sau nawa ya kamata in gwada dawowa?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ka fitar da kwafi daga sinafshot ɗinka na ƙarshe, ka tashe shi, ka shiga. Ka sake bayan duk sabunta uwar na'ura. Ka kuma saita `snapshots.expiry` a LXD, wa'adin goge sinafshot, don tarin tsofaffin sinafshot yana cika faifai, kuma LVM-thin da ya cika maƙil yakan sa fayilolin kwantenonin da ke kansa su lalace. Duba da `lvs` ko `zpool list` kafin ka fara dawo da komai.