Ajiyar kayan aikin allon jifsam

Kayan aikin allon jifsam su ne ƙananan kayan hannu da ake yanka allon da su, a ɗaura shi, a toshe mahaɗarsa da foti har ya yi sumul. Shi allon garin jifsam ne da aka danne tsakanin takardu biyu masu kauri, asalinsa daga Amurka, inda Augustine Sackett ya yi wa samfurin farko rajista a 1894. Girman da aka fi sani ƙafa 4 ne da ƙafa 8. A Najeriya an fi ganinsa a silin da raba ɗakunan ofis, kuma galibi masu aikin POP ne ke haɗawa da shi.

Wajen ajiya kayan kashi biyu ne, na busasshen aiki da na jiƙaƙƙe, kuma bai kamata su kwana a jaka ɗaya ba. Na busasshe su ne tef ɗin awo, wuƙar reza, ɗan zarto mai tsini na huda gurbin soket, sukurudireba, sanfefa, sai doguwar sikwaya ta jan miƙaƙƙen layi mai inci 48. Waɗannan ba su da wahala, a kakkaɓe ƙura a mayar da reza cikin kubenta shi ke nan. Sikwayar ce kawai sai an rataye ta a ƙusa, don alminiyon ce, in aka jingine ta aka ɗora mata buhu ta lanƙwashe to duk layin da ta ja ƙarya ne.

Inda maganar take shi ne na jiƙaƙƙen aiki: sukurefa, wato faffaɗar wuƙar shafa foti, masu inci 6 da 10 da 12, da kwanon foti da bokitin kwaɓi. Bakin sukurefa shi ne aikin gaba ɗaya, ɗan gurbi kamar ƙwayar gero in ya samu a bakin, duk jan da ka yi sai ya bar siririn layi a bango, ka shafe ya dawo, ka shafe ya dawo, ƙarshe sai a sanfefa za ka biya. Shi ya sa ba a jefa ta akwati ɗaya da guduma da ƙusoshi, ana rataye ta ta ramin mariƙinta ko a yanka kwali a yi mata kube. Ba a buɗe gwangwanin fenti da ita kuma, wannan ɗabi'ar ta kashe sukurefa da yawa wallahi.

Wanki kuwa tun kafin foti ya kama ake yi. Akwai fotin da iska ke busarwa, wannan ko ya bushe in an jiƙa zai saki, akwai kuma na gari mai kamawa da kansa cikin minti 20 ko 45 ko 90, shi in ya daskare sai an kankare shi. Ragowar da ta maƙale a bokiti tana sa sabon kwaɓi ya kama da wuri, kuma ɓarɓashinta ke jan layi. Ruwan wankin ma ba a zuba shi a magudana, don jifsam na daskarewa ko a cikin ruwa ya toshe bututu, a bar shi ya kwanta a tsiyaye na sama a kwashe dagwalon a zubar a shara.

Bayan wanki a goge da tsumma tas. Sukurefa mai shuɗin ƙarfe ta fi laushin ja amma tana saurin tsatsa, da damina kwana ɗaya a jiƙe ya ishe ta, sai a ɗan shafa mata mai kaɗan, a kuma goge shi kafin a fara aiki don maiƙo na hana fenti kamawa.