A Denmak, "gift" ba kyauta ba ce

Duk wanda ya iya Turanci ya ci karo da rubutun mutanen Denmak, nan da nan sai ya ce ai Turanci ne aka ɗan murɗe, kuma kowace kalma ma'anarta ɗaya da ta Ingila. Wannan tunani ya daɗe, amma kuskure ne babba.

Ka ɗauki kwalba a kanti a Kofanhegan, babban birnin Denmak, ka ga an rubuta "gift" a jikinta. Kada ka yi murna: guba ce! Kalmar dai ita ce ake faɗa wa mai aure. Kyauta kuwa "gave" suke ce mata. Haka "barn", wadda Bature ya sani da rumbu, a wurinsu yaro ce. Idan likita ya ce ka dawo bayan "en time", awa ɗaya yake nufi. Lokaci kansa "tid" ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ta inda aron ya bi. Yawanci ba Turanci ne ya ba su ba. A shekarar 865 mayaƙan Viking, waɗanda suka fito daga Denmak da maƙwabtanta, suka afka wa Ingila, suka kama birnin York a 866, suka zauna, aka yi auratayya, harsuna suka cakuɗu. Daga bakinsu Turanci ya samo "egg" da "window", wadda asalinta "idon iska" ne. "Sky" ma tasu ce, kuma har gobe a Denmak gajimare take nufi. Sararin samaniya "himmel" suke kiransa.