Kaladiyum

Kaladiyum tsiro ne na yankuna masu zafi da damshi da ake shukawa don ganyensa, ba don furensa ba. Yana cikin dangin Araceae, wato dangin gwaza, kuma asalinsa dazuzzukan Kudancin Amurka ne, musamman yankin kogin Amazon a Brazil. Yawancin irin da ake sayarwa a yau daga Caladium bicolor aka samo su. Garin Lake Placid na jihar Florida a Amurka ya yi suna wajen noman saiwarsa, har ana yin bikinsa a can duk shekara.

Ganyen marar kauri ne sosai, mai siffar zuciya, da ja ko ruwan hoda ko fari a tsakiya, kore a gefe. Nau'in Candidum, alal misali, fari ne fes, jijiyoyinsa kore suna ratsa shi. Akwai kuma masu ganye tsukakke mai tsini, waɗanda ba su yin tsayi amma sun fi jure rana.

A ƙarƙashin manyan bishiyoyi ya saba rayuwa, shi ya sa yake ƙawata wuraren da furanni ba sa yi saboda inuwa. Rana mai zafi tana ƙona fararen ganye, su yi rami-rami masu bakin ƙasa-ƙasa. Inuwa mai duhu ƙwarai ita ma ba ta yi masa, domin launin dusashewa yake yi, ƙafar ganyen ta yi tsawo ta langaɓe.

Ana binne dunƙulen saiwar zurfin santimita 4 zuwa 5, gefen da ke da idanu yana kallon sama. A nan ne masu gaggawa suke yin asara: idan ɗumin ƙasa bai kai wajen digiri 20 a ma'aunin Celsius ba, saiwar ruɓewa take yi. Ƙwararru sukan ƙwaƙule babban idon tsakiya da bakin wuƙa, sai ƙananan idanun su tofo tare, a sami ganye masu yawa ko da ba su kai girman na farko ba. Ƙasa mai taki da ke riƙe laima ba tare da ruwa ya kwanta ba ita ta fi dacewa.

Bayan wasu watanni ganyen kan yi rawaya ya zube. Ba mutuwa ba ce, hutu ne. Sai a daina ban ruwa, a ajiye saiwar a busasshen wuri da sanyinsa bai yi ƙasa da digiri 15 ba.

Don adon Kirsimeti, ana dasa ja da fari a tukwane kimanin mako 8 kafin bikin, a ɗaki mai ɗumi idan lokacin hunturu ne. Ruwan jikinsa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam okzalet da ke sa ƙaiƙayi da kumburin baki, don haka a nisanta tukunyar daga yara da kyanwa.