Waiwaye: Yadda Birane Suka Fara Yi Wa Dagwalon Masana'antu Linzami

Duk birnin da ke da magudanan ƙarƙashin ƙasa yana da wata doka da akasarin mazaunansa ba su taɓa karantawa ba. Ita ke faɗin abin da aka yarda a zuba a bututun gari da abin da aka hana, iyakar zafin ruwan da masana'anta za ta sako, yawan gubar da za a lamunta a kowace lita, wanda sai ya nemi izini kafin ya jona bututunsa da na hukuma, da kuɗin da zai biya. Mai karanta ta yau zai zaci injiniyoyi ne suka zauna rana ɗaya suka tsara ta. Alhali kusan kowane sashe nata ya biyo bayan wata ɓarna ce da ta riga ta auku, kuma an shafe kusan shekara 150 ana yi mata ƙari.

Tun asali ma ba don ƙazanta aka gina magudanan ba. A Landan aikinsu kwashe ruwan sama ne, kuma har zuwa 1815 laifi ne mutum ya jona masan gidansa da su. Bahaya na taruwa a ramukan salga, masu kwasa su zo cikin dare su yashe. Da masai mai aiki da ruwa ya yaɗu, ramuka suka riƙa tumbatsa, sai aka ɗage haramcin, zuwa ƙarshen shekarun 1840 kuma jonawar ta zama tilas. Nan take ƙazantar mutum sama da miliyan 2 ta nufi Kogin Thames, kogin da wasu kamfanonin ruwa ke ɗiba suna sayar wa jama'a. Kwalara ta yi ta ɗibar rayuka. A 1854 likita John Snow ya nuna alaƙar cutar da ruwan sha, amma abin da ya zaburar da 'yan majalisa shi ne ɗoyin bazarar 1858, wanda ya bi su har zauren da suke zama a bakin kogin. Cikin 'yan makonni suka amince da kuɗin aikin injiniya Joseph Bazalgette, wanda ya gina manyan magudanai da ke tare ƙazanta kafin ta shiga kogi a tsakiyar gari, su kai ta Beckton da Crossness a gabas. A can ɗin ma sakinta ake yi cikin kogin ba tare da an tace ba, sai dai a jira lokacin da ruwa ke janyewa zuwa teku.

A arewacin Ingila kuwa, inda masaƙu da marinai da majemu suka yi cincirindo, dagwalon masana'antu ya fi bahaya muni. A 1868 wani mutum a Wakefield ya rubuta wa hukumar binciken gurɓatar koguna takarda, ya yi amfani da ruwan Kogin Calder a madadin tawada, kuma rubutun ya fito ana karantawa. Dokar hana gurɓata koguna ta 1876 ta biyo baya, kuma a cikinta ne tushen maganarmu yake. Ta haramta zuba guba a kogi, amma ta bar wa masu masana'antu ƙofa a buɗe: wanda ya nuna yana amfani da hanya mafi dacewa da zai iya samu wajen rage gubar, ya kuɓuta, kuma ba a kai shi kotu sai da yardar hukumar gwamnati ta tsakiya, wadda aka umarta ta duba muradun masana'antun yankin kafin ta yarda. Sannan dokar ta ce hukumomin tsabtar gari su ba masana'antu damar sako ruwansu cikin magudanan birni, muddin ba zai lalata su ba, kuma akwai wurin da zai ɗauka.

Wannan dabara tana da hujjarta. Tashar tacewa guda ɗaya babba, mai ƙwararrun ma'aikata, ta fi sauƙin kulawa a kan ƙananan ramuka ɗari a bayan masana'antu ɗari. Sai dai da wannan mataki, sharar da mutum ɗaya ya samar yana neman riba ta koma nauyin dukan masu biyan haraji. Kusan duk takaddamar da aka yi daga baya, a kan wannan gaɓar aka yi ta.

Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne sauyin da aka samu a yadda ake tacewar. Wata hukuma da gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1898 ta fito da ma'aunin da har yau ake amfani da shi: a ɗebi ruwa a ajiye kwana 5, a auna yawan iskar oksijin da ƙwayoyin bakteriya suka shanye suna cin dattin da ke ciki. A rahotonta na 1912 ta ba da shawarar kada ruwan da tasha za ta saki ya wuce miligiram 20 a lita a wannan ma'auni, kada kuma guggubin da ke yawo a cikinsa ya wuce miligiram 30. Bayan shekara biyu, a tashar Davyhulme ta Manchester, Edward Ardern da William Lockett suka gano cewa idan aka riƙa hura wa ruwan iska, ana kuma mayar masa da taɓon da ya kwanta, bakteriyar da ke cikin taɓon za ta cinye datti cikin sa'o'i maimakon makonni. Wannan hanya ce manyan biranen duniya ke bi har yanzu.

Ma'anar haka ita ce, ƙarfin tashar tacewa ya dogara ne ga halittu masu rai. Bahaya da ruwan wanke-wanke abincinsu ne. Amma idan wata masana'antar rufa ƙarfe ta juye tankin sayanaid ko na kuromiyom cikin dare, halittun nan za su mutu, kuma kafin su sake hayayyafa ana iya yin kwanaki ko makonni ƙazantar gari gaba ɗaya na wucewa kogi kusan yadda ta shigo. Daga nan injiniyan birni ya samu dalilin kansa na sa ido kan abin da ke fitowa daga ƙofar kowace masana'anta, ko da bai damu da kifin kogi ba.

Birane sun bi hanyoyi daban-daban. Bradford ta Ingila, cibiyar sarrafa ulu, ta yi fama da maiƙon gashin tumaki da ke toshe mata komai, har ta koma tsamo shi a tasharta ta Esholt tana sayarwa. A yankin Ruhr na Jamus, garuruwa da kamfanonin haƙar kwal da masana'antu suka kafa ƙungiyar kula da Kogin Emscher a 1899, kowa na biyan kasonsa na kuɗin aikin. Saboda ƙasar wajen na lotsawa sakamakon haƙar kwal, bututun ƙarƙashin ƙasa ba ya ɗorewa, sai aka mayar da kogin kansa buɗaɗɗiyar kwata, kuma ba a raba shi da ƙazanta ba sai ƙarshen 2021. A Ingila, dokar 1937 ta daidaita tsarin da ƙasashe da yawa suka kwaikwaya: mai masana'anta ya rubuto sanarwar irin ruwan da zai sako da yawansa, hukuma ta ba shi izini bisa sharuɗɗa, ko ta hana. Daga baya aka samar da lissafin caji da ake kira da sunan tashar Mogden ta yammacin Landan, wanda ke haɗa yawan ruwa da ƙarfin dattinsa da guggubinsa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. A ganina wannan lissafi ya yi tasirin da tara ba ta yi ba, domin ya sa akawun kamfani da kansa ya fara tambayar me ya sa ake zubar da abin da za a iya tsamowa.

Amurka ta makara, amma da ta tashi sai ta rubuta komai dalla-dalla. Gobarar da ta tashi a kan Kogin Cuyahoga na Cleveland a 1969, wadda ba ita ce ta farko a kogin ba, ta zama alamar zamanin. Dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta wajabta wa duk mai zuba ruwa kai tsaye a kogi ya mallaki lasisi, ta kuma zuba maƙudan kuɗi wajen gina tasoshin birane. Nan giɓi ya bayyana: masana'antar da ta jona bututunta da na birni ba ta zuba komai a kogi da sunanta, lasisin birni ne ke cikin haɗari. Ƙa'idojin 1978 ne suka toshe wannan giɓin. Sun tilasta wa masana'antu rage gubar ruwansu tun a harabarsu kafin ya shiga bututun gari, suka kuma ɗora wa duk birnin da tasharsa ke karɓar fiye da galan miliyan 5 a rana, kuma yake da irin waɗannan masana'antu, alhakin ba da izini da bincike da hukunci. Wato hukumar birni ta tashi daga mai karɓar shara kawai ta zama mai sa ido.

Jerin abubuwan da ƙa'idojin suka hana tamkar kundin haɗurra ne. An hana ruwan asid da lambarsa ta gaza 5 a ma'aunin pH, domin yana cin kankare da ƙarfe. An hana zafin da zai sa ruwan da ke shiga tasha ya haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, domin bakteriya ba ta jurewa. An hana abin da zai fitar da iska mai guba ta kashe ma'aikacin da ya shiga rami gyara, da kitsen da zai daskare ya toshe hanya. An kuma hana wata tsohuwar dabara, ta buɗe famfo a sirka dagwalo da ruwa mai kyau don gwaji ya nuna gubar ta ragu. Sai abubuwa masu kamawa da wuta. Da asubahin 13 ga Fabrairu 1981, sinadarin hekzen da ya kwarara daga wata masana'antar tatsar man waken soya ya cika magudanan birnin Louisville da tururi, ya kama, tituna suka yi ta tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba, saboda gari bai waye ba. Mutanen Guadalajara ta Meziko ba su tsira haka ba: ranar 22 ga Afrilu 1992 man fetur da ya tsiyaya cikin magudanai ya fashe, ya kashe mutum sama da 200, bayan mazauna unguwar sun yi kwanaki suna kai ƙorafin warin mai.

Tarayyar Turai ta sa irin wannan sharaɗi a dokarta ta 1991, cewa kada dagwalon masana'anta ya shiga magudanar birni sai da izini ko ƙa'ida tun farko.

Rubuta doka shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana bakin ramin da ake ɗibar samfur. Yawancin alƙaluman da hukuma ke dubawa, masana'antar ce da kanta ta auna ta kawo, kuma jami'in da ke zuwa da rana bai san abin da aka saki ƙarfe biyun dare ba, sai idan an girke na'urar da ke ɗibar ruwa da kanta. Ga kuma matsalar da ba a cika faɗa ba: sau da yawa masana'antar da ake son hukuntawa ita ce ta fi kowa ɗaukar ma'aikata a garin, ita ce kuma babbar mai biyan kuɗin ruwa. Shugaban birnin da zai yanke mata bututu sai ya shirya. Shi ya sa nake ganin hikima a wani ƙaramin sashe na ƙa'idojin Amurka, wanda ya wajabta wa birni buga sunayen manyan masu karya doka a jarida duk shekara. Yana fitar da maganar daga ofis zuwa idon jama'a, inda sasantawa a ɓoye ke wuya.

A ƙasashen da masana'antu suka riga magudanai zuwa, lamarin ya ɗauki wata siffa. A Indiya, Kotun Ƙoli ce ta shiga tsakani a ƙarshen shekarun 1980, bayan ƙarar lauya M.C. Mehta, ta umarci majemun Kanpur su kafa wurin tacewa na farko ko su rufe. Aka rungumi tsarin tashar haɗin gwiwa ga ƙananan masana'antu, wanda yake da ma'ana ga wanda ba shi da jarin gina tasa. Amma tashar haɗin gwiwa ma tana da iyaka. A 2007 masu bincike daga Suwidin suka auna ruwan da ke fita daga wata tasha a Patancheru, kusa da Hyderabad, mai karɓar dagwalon kamfanonin magani kusan 90. Sun samu siprofuloksasin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, har miligiram 31 a lita, fiye da abin da ake samu a jinin majinyacin da ke shan maganin. Irin wannan ruwa wuri ne da ƙwayoyin cuta ke koyon bijire wa magani, kuma illarsa ba ta tsayawa a gari ɗaya.

Abin da bakteriya ba ta iya ci, wuri biyu yake zuwa: ko ya bi ruwa zuwa kogi, ko ya kwanta a taɓo. Taɓon nan kuwa birane da yawa gonaki suke kai shi a matsayin taki, kuma taki ne mai kyau idan babu dalma da kadmiyom da zaiba a ciki. Tsoron rasa hanyar zubar da shi ya sa hukumomi suka yi ta bin ƙarafa masu guba har ƙananan wuraren da ba wanda ke kira masana'anta. A 2017 Amurka ta wajabta wa asibitocin haƙori sa na'urar tare zaibar da ke fita daga abin cike haƙori. Yawan ƙarafan a taɓo ya ragu ƙwarai a biranen da suka dage, kuma wannan na daga cikin nasarorin tsarin da ba a cika yabawa ba.

Yanzu fagen ya koma kan sinadaran da ake auna su da ƙanƙanin ma'auni. Dangin PFAS, waɗanda ake amfani da su a kumfar kashe gobara da kayan da ba sa jiƙa, ba sa ruɓewa a tashar tacewa. Jihar Maine ta Amurka ta hana watsa taɓon tasoshi a gonaki a 2022, bayan an samu sinadaran a ƙasa da rijiyoyi da madarar wasu gonakin da aka daɗe ana zuba musu shi. Ragowar magunguna da kayan kwalliya kuwa daga gidajen jama'a suke fitowa, babu ƙofar masana'antar da za a tsaya a tare su. Don haka sabuwar dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta ce manyan tasoshi su ƙara wani mataki na tacewa, kuma kamfanonin da ke ƙera magunguna da kayan kwalliya su ɗauki aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗinsa. Kamfanonin sun garzaya kotu suna ƙalubalantar rabon.