Motar haidirojin: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 ake aiko mini da tambayoyi iri ɗaya game da motar haidirojin, don haka na tattara amsoshin a wuri guda, kowa ya karanta kafin ya sake tambaya.

Da gaske ne motar da ruwa take tafiya?

A'a. Ruwa shi ne abin da take fitarwa ta salansa. Abin da take sha iskar haidirojin ce, kuma sayen ta ake yi da tsada.

To yaya take aiki?

Mota ce ta lantarki wadda take samar da wutarta da kanta. Haidirojin yana fitowa daga tukunya ya shiga wani akwati mai ɗauke da ɗaruruwan siraran faifai da aka shafa wa ƙarfen filatinam, inda yake haɗuwa da oksijin na iskar da muke shaƙa ba tare da wuta ta kama ba, daga nan a sami lantarki da ruwa da ɗan zafi. Toyota ta fara sayar da irin wannan motar mai suna Mirai a Japan a ƙarshen 2014, Hyundai ta fitar da Nexo a 2018, kuma ana cika tukunyarsu cikin kusan minti 5.

Wani makanike ya ce zai haɗa mini kwalbar ruwa da waya a injin, man da nake sha ya ragu da rabi. In yarda?

Kada ku yarda. Dabarar ita ce a raba ruwan da wuta a fitar da haidirojin, amma wutar da za a raba ruwan da ita daga injin motar za ta fito, kuma ƙarfin da za a kashe wajen raba shi ya fi wanda haidirojin ɗin zai mayar. Abin mamaki, mutumin da yake ciniki a kan kuɗin faci shi ne zai miƙa dubbai saboda bidiyon da ya gani a WhatsApp.

Tun da ba ta hayaƙi, ai ta gama maganin ɗumamar yanayi ke nan?

Sai an tambayi inda haidirojin ɗin ya fito. Kusan duk wanda duniya take samarwa a yau daga iskar gas da kwal ake ciro shi, kuma kowane kilo ɗaya da aka ciro daga gas yana sakin kusan kilo 10 na iskar kabon a masana'anta. Mai tsabtar, wanda ake samu ta hanyar raba ruwa da wutar rana ko ta iska, ɗan kaɗan ne ƙwarai a kasuwa. Shi ma yana da asararsa: kilo ɗaya yana cin fiye da yunit 50 na lantarki, sannan a matse shi, a yi dakonsa, a sake mayar da shi wuta a cikin mota, ta yadda kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar farko ne kawai yake isa taya. Motar batir tana isar da fiye da kashi biyu cikin uku, shi ya sa a fagen ƙananan motoci ta yi gaba, har a Norwe kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu batir ne.

Ba ta fashewa?

Ku kwantar da hankalinku. Tukunyar da zaren kabon ake naɗe ta, tana da bawul da yake sakin iskar idan zafi ya yi yawa, kuma haidirojin ya fi kowace iska rashin nauyi, idan ya ɓalle sama yake yi nan take. Haɗarin yana rufaffen wuri da gidajen cikawa, kamar wanda ya fashe kusa da Oslo a 2019.

Na ga ana sayar da tsohuwar Mirai da araha a Amurka. In sa a shigo mini da ita?

Ku fara nuna mini gidan man da zai cika muku ita tsakanin Legas da Kano. Arahar ma dalili gare ta: a Kalifoniya kilo ɗaya ya kai dala 36 a 2023, wato cika tukunya mai kilo 5.6 ya ɗan haura dala 200, sannan Shell ta rufe gidajenta na cika ƙananan motoci a jihar a farkon 2024.

Ina da tireloli masu dakon kaya. In jira haidirojin, ko in koma CNG (matsattsiyar iskar gas) ko batir?

Wannan ce tambayar da ba zan amsa da kalma ɗaya ba, domin a nan ne haidirojin yake da hujja. Tirelar da take doguwar tafiya da kaya masu nauyi, batirin da zai ishe ta yana rage lodin da za ta ɗauka, kuma zaman caji na awowi asara ne ga mai mota da direba. Hyundai ta fara kai tirelolin Xcient masu haidirojin Suwizalan a 2020, suna aiki, amma a can sai da aka tsara mota da gidan cikawa da mai samar da iskar a lokaci guda kafin abin ya yiwu. Idan motocinku hanya ɗaya suke bi, suna kwana a gareji ɗaya, kuma akwai wanda zai sa hannu ya riƙa kawo muku haidirojin a farashin da bai wuce na dizal ba, to lissafin yana iya fita. Idan ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, da wuya ya fita. Wasu sukan ce ai masana'antun takin zamani na Lekki da Eleme suna samar da haidirojin, gaskiya ne, sai dai daga gas suke ciro shi don yin taki, kuma mota tana bukatar wanda tsabtarsa ta kai kashi 99.97 cikin ɗari, domin ɗan ƙibiritu kaɗan yana lalata filatinam ɗin. Ku ƙara da ƙurar hunturu da za ta riƙa toshe matatar iska, da rashin makaniken da ya taɓa buɗe irin wannan akwatin. Ko a Jamus, jihar Lower Saxony da ta fara jigilar fasinja da jiragen ƙasa masu haidirojin gadan-gadan a 2022, bayan shekara guda ta ce masu batir za ta saya wa sauran layukanta saboda sun fi sauƙin kuɗi. A ganina, ga mai tirela a yankinmu yau, CNG ya fi kusa da hannu inda ake samun gidan cikawa a kan hanyarsa, ko da yake shi ma yana fitar da kabon, ragi ne kawai. Batir kuma ya fi dacewa da bas da a-daidaita-sahu na cikin gari, muddin akwai wutar caji. Wannan shawara tana iya canzawa idan farashin haidirojin mai tsabta ya sauko sosai, amma ban ga dalilin da zai sa mutum ya ajiye jarinsa yana jiran ranar ba.

Zan iya zuba haidirojin a tukunyar CNG ɗina?

Kada ku kuskura. Matsin tukunyar Mirai ya ninka na CNG kusan sau uku, kuma haidirojin yana ratsa wasu nau'o'in ƙarfe ya sa su tsage.